Rabin Fuskar Illa

Gwaggonku Hajo, Allah ya ƙara mata lafiya ya rage mata tsawon harshe, ta daɗe tana ba da labarin nan yadda ta ga dama. A bakinta, wai na samu hoton Illa na kulle a biro, wato ofishinmu, na hana Inna gani, don na bi addinin mishan zuciyata ta bushe. Na san kun ji, don ba ta iya magana a hankali ba. Ban taɓa tanka mata ba. Ƙanwata ce, kuma ita ta riƙe Inna har ƙarshe, ba ni ba. Amma tunda na zauna rubuta muku rayuwata, ba zan tsallake wannan shekara ba. Ba yadda ta faɗa abin ya faru ba, sai dai gaskiyar ma ba ta fi nata daɗin ji ba.

Mu uku Inna ta raya a Tama: ni ɗan fari, sai Hajo, sai Illa autanmu. Ku ƴan zamani ba ku san kunyar ɗan fari ba, kuna hawa jikin uwarku kuna ja mata kallabi. Ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son in ɗebo ruwa, sai ta ce ma Hajo, “Hwaɗa ma wancan.” Ba ƙiyayya ba ce, haka aka raine ta, kuma na san in na yi zazzaɓi ba ta barci. Amma yaro bai san wannan ba, abin da ya ji da kunnensa shi ya sani. Illa kuwa sunansa bai bushe a bakinta ba, Illa zo ka ci, Illa ina ka shiga. Da ya tasa, ya bi samarin Adar cin rani Abijan kamar kowa. Shekarun farko yana dawowa kafin shuka, da rediyo da turmin atamfa. Wata shekara bai dawo ba. Ta zagayo, shiru. Ƴan cin rani wannan ya ce ya gan shi a tasha, wancan ya ce ya ji ya yi aure. Haka munka zauna shekaru, Inna tana ajiye masa kasonsa na gero a rumbu har ƙwari su ci.

A lokacin, wajen ƙarshen shekarun tasa’in, ina aiki a biron asibitin mishan, kuma idon Inna ya riga ya fara tafiya. Na kawo ta likita ya duba, ya ce mini ba yana ba ce da ake cirewa a huta. Ruwa ne ke taruwa cikin idon yana kashe jijiya. Na hagu ya riga ya mutu. Na dama tana gani da shi kamar mai leƙe ta ramin ƙofa, kuma ramin zai yi ta tsukewa. Maganin ɗigawa yana jinkirta abin, ba ya tsai da shi. Na ji wannan da kunnena, ba wani ya faɗa mini ba. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce muku ban sani ba.

Yanzu bari in gaya muku yadda saƙo ke zuwa mana a zamanin, don in ban gaya muku ba za ku ce mahaukata ne mu. Ordinatar, wato kwamfuta, guda ke gare mu mai haɗe da talho. Kowace safiya takan kira wani inji a Yamai, ta yi ta kuka tana ƙara, sannan ta kwaso saƙonnin da sunka taru. Wayar talhon ba ta da kyau. In iska ta kaɗa ko jaki ya sosa jiki da turken waya, sai ka ga tsakiyar magana ta rikiɗe ta zama tarkacen haruffa marasa ma’ana. Mun saba da wannan, shara muke ce masa. Wanda ke riƙe da aikin shi ne Baba Filibus, dattijo mai tsari wanda ya girme ni nesa, ya yi aikin biro tun zamanin tafireta. Ƙa’idarsa guda ce: a buga kowane saƙo a takarda, a share shi daga inji don cikinsa ƙarami ne, a yage shafin da ke da magana a kai ma mai shi. Shafukan shara kuma ba a zubarwa. Takarda na da tsada, don haka a kai su farmasi, a yanka murabba’i-murabba’i a riƙa ƙunshe ma marasa lafiya ƙwayoyin magani. Ba wanda ya ga laifin tsarin, har ni. Ba mu san cewa wata sharar ba shara ba ce.

Lokacin cirar albasa ne. An aike ni Madawa ɗauko kayan biro, mota ta lalace, na kwana biyu. Da na dawo, Baba Filibus ya miƙo mini takarda guda yana murmushi.

“Ayuba, zamna tukuna. Ƙanenka na da rai.”

Da Faransanci aka rubuta. Wani Bature ne da Illa ke yi ma gadi a Abijan. Ya ce aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, mai gadinsa ya roƙe shi ya isar da gaisuwa ga wansa da ke aiki asibitin mishan a ƙasar Adar, shi kuma ya nemo adireshinmu wajen mutanen mishan na can. Illa na lafiya, ya yi aure, an haifa masa ɗiya ya sa mata sunan Inna. A ƙarshe ya ce, ga hotonsa riƙe da ɗiyar na haɗo muku. Na juya takardar, bayanta fari fat.

“Baba, ina hoton?”

“Wane hoto? Hoto ta cikin waya? Wataƙila ta pos za ya aiko.”

“Ba abin da ya biyo bayan wagga takarda?”

“Shara dai. Rannan ta yi yawa ƙwarai, shahi wajen biyar. Na kai harmasi.”

Ban san lokacin da na fita ba. Na taɓa yin ɗan kwas na ordinatar a Yamai, kuma can na ji wani malami ya ce ana iya aika hoto ta waya in an mai da shi haruffa. Na ji, na manta, don ban taɓa zaton zai shafe ni ba. A farmasi na tarar da almakashi kan tebur. Shafi biyu na farko suna nan lafiya, an danne su da kwalba. Sauran an yanka. Wasu guntayen na cikin kwali, wasu sun riga sun tafi cikin aljihun mutane, ƙunshe da maganin zazzaɓi. Na tsaya ina zage-zage cikin raina, ban san wa nake zagi ba. Baba Filibus ya biyo ni yana haki, da ya gane abin da ya faru sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Bai ci abinci ba ranar. Kada in ji wani cikinku ya ambace shi da mugun abu, abin da munka koya masa da abin da ya koya mana shi ya yi.

Za ku ce, to a ce a sake aikowa mana. Kun fi mu wayo ke nan. Mun rubuta a ranar, saƙon ya dawo mana washegari, adireshin ya mutu, mutumin ya riga ya tashi. Mun rubuta ma mutanen mishan na Abijan, sunka ce ba su san inda mai gadin ya koma ba. Abin da ya rage na Illa a duniyarmu shi ne shafi biyu da guntaye a kwali.

Akwai wani ƙaton littafi da wanda ya kafa mana injin ya bari, ba mai buɗe shi sai in ana son danne ƙofa. Na kwashe shi na kai gida. A ciki na gane yadda abin yake. Irin wannan saƙo kamar buhu ne da aka ɗaure a tsakiya, gero a sama, wake a ƙasa. Akwai wani layi da ke farawa da ƴan sanduna biyu, shi ne iyaka. In ka gan shi, kashi guda ya ƙare, wani ya fara. Ƙarƙashin iyakar akwai ƴan layuka da ke faɗin abin da ke tafe, magana ce ko hoto, da sunansa. Sai layi guda wanda ba komi, daga nan sai kayan. Wayar ba ta ɗaukar komi sai haruffa, shi ya sa injin can yake niƙe hoto ya mai da shi haruffa, kowane huɗu na ɗauke da ƙwaya uku ta hoton. Tsohon porogaram ɗinmu na karɓar saƙo bai san wannan ba, sai ya zubo mana su ɗanye. Na duba shafina na farko, ga iyakar nan, ga sunan hoton, ga layin da ba komi. Abin da ya rage shi ne a mai da haruffan cikin inji da hannu, in kuma rubuta ma injin umarnin da zai nemo iyaka, ya tsallake bayanin, ya ɗauki haruffa huɗu-huɗu ya mai da su yadda suke tun farko.

Uwarku Rahila ita ta sha wahalar, tana nan ku tambaye ta. Lokacin hutun tsakar rana da ranar Lahadi bayan sujada, sai mu shiga biro cikin zafin bazara, ita tana karantawa da rula ƙarƙashin layi, ni ina bugawa. Babban harafi kaza, ƙaramin harafi kaza, bakwai, alamar ƙari. Zaren tawadar injin bugawarmu ya tsufa, haruffan sun koɗe, wani sai mun fita da shi rana mun yi gardama. Abin da ya taimake mu, duk layukan tsawonsu ɗaya, don haka na sa porogaram ɗin ya ƙirga, in layi ya gaza ko ya yi yawa ya faɗa mini wanne ne. Takan ce, “Baban Maryamu, ni da na san auren biro haka shike, da manomi na aura.” Amma ba ranar da ta ƙi zuwa.

Gwajin farko bai buɗe ba sam. Na yi sati ina zargin haruffa, ashe laifin nawa umarnin ne. Na sa injin ya ajiye abin a matsayin rubutu, shi kuma in ya ga rubutu sai ya yi masa gyara irin nasa, ya ƙara alamar ƙarshen layi inda ba a sa shi ba, ya ɓata komi. Hoto ba ya son gyara, ƙwaya guda aka ƙara ya tashi aiki. Da na gane, na canza kalma guda a umarnin, na ce masa ajiye yadda na ba ka, ban tambaye ka shawara ba. Sai ga wani siririn zane ya fito a saman gilashin injin, launin bango, da gefen taga. Rahila ta dafa kafaɗata.

Irin hoton nan daga sama yake saukowa. In akwai kuskure a harafi, daga wurin zuwa ƙasa sai launi ya haukace, ya zama kore da ja, don haka mukan san kusan inda za mu koma mu duba. Kowane kuskure munka gyara, sai hoton ya ƙara saukowa kaɗan. Bango, taga, sai ga tsinin hula. Kwana biyu muna kan hular nan, har na tsane ta. Sai goshi, da tabon da ya samu ranar da ya faɗo daga jakin kawu. Sai gira. Ranar da idanunsa sunka fito, na tashi na fita waje na tsaya bayan biro, don ba na son Rahila ta ga fuskata. Illa ne, ya yi ƙiba kaɗan, yana dubanmu. Munka ci gaba har ƙarshen shafi na biyu. Hoton ya sauko zuwa tsinin hanci ya tsaya. Daga nan zuwa ƙasa toka-toka ne kawai. Ba baki, ba haɓa, ba hannuwa, ba ɗiya.

Daga nan na koma kan guntaye. Na shimfiɗa su kan tabarma ina haɗawa, gefe da gefe. Na samu fiye da rabi, amma wanda ke saman shafi na uku ta hagu babu shi, kuma irin wannan hoto ba ya yarda da tsallake. Kowace ƙwaya ta dogara da ta gabanta. Littafin ya faɗa mini haka ƙarara. Na gwada cike gurbin da haruffan banza, abin da ya fito zane-zane ne kamar tsumman da rini ya ɓata. Sai na shiga nema. Na duba rajistar farmasi na ga waɗanda sunka karɓi magani a kwanakin. Na roƙi ma’aikatan da ke fita rigakafi ƙauyuka su tambaya mini. Labari ya bazu har Karofane da Buza cewa wani ma’aikacin asibiti na neman takardar ƙunshin magani. Mutane sunka yi ta kawo mini takardu, na siminti, na sukari, har da wata da aka ƙunsa taba. Wata tsohuwa ta zo tun daga wajen Keita da tata a ƙulle bakin zane, tana zaton wani asiri ne a ciki. Cikin duk wannan na samu guda biyu na gaske. Ba ko ɗaya da ya zama wanda nake nema.

Ƙarshen bazara Hajo ta kawo Inna karɓar maganin ɗigawa, ta sauka gidana. Tun ranar da saƙon ya zo na aika mata cewa Illa na da rai kuma ta yi takwara, kuma bakina ya yi saurin cewa akwai hoto tafe. Ranar da ta iso, tana zaune bakin ɗaki, ina tsaye kusa, ta juya wajen Rahila kamar ba na wurin.

“Ɗiyata, tambayi mai gidanki. Illan nawa ya hito daga cikin ƙarhen?”

Rahila ta dube ni. Na ce, “Saura kaɗan, Inna.”

“To. Allah shi kai mu.”

A lokacin tana iya gani. In aka kawo abu daf da idon dama cikin hasken rana, takan bi shi a hankali ta gane. Na ga ta ɗaga Maryamu, yayarku, ta kai fuskarta kusa da tata, ta ce tana da kunnen kakanta. Rahila ta ja ni bayan rumfa.

“Ka kai ta biro gobe ta gani.”

“Ta ga mi? Rabin mutum?”

“Abin da ag akwai ke nan. Kai ta.”

“Ke ba ki ga yadda shike ba? Awa wanda anka ja ma likkahani har hanci. In ta gani ta ce gawa anka nuna mata, ke za ki kwantar mata da hankali? Kuma takwararta take son gani, ina takwarar?”

“Baban Maryamu, idon nan ba jiranka shikai ba.”

Na ce mata aikin ba nata ba ne, ta bar ni da abin da na sani.

Abin da na faɗa mata gaskiya ne, na ji tsoron abin da Inna za ta gani a tokar nan. Amma akwai wani abu ƙarƙashinsa, kuma tunda na tsufa ba ni jin kunyar faɗa. Duk rayuwata Illa ne ke kawo ma Inna abin da ke sa ta dariya. Ni abin da nake kawowa magani ne da buhun hatsi, a karɓa a ce ma Hajo ta yi mini godiya. Na so sau guda in zo da abin da ba wanda zai iya kawo shi duk ƙasar Adar sai ni, in sa mata a hannu cikakke, ɗanta da jikarta, in ga yadda fuskarta za ta yi. Rabin hoto bai kai wannan ba a wurina. Biro da gidana ba su fi tafiyar shan ruwa ba, kuma Inna ta kwana kusan sati. Kullum da safe sai in wuce ta a bakin ɗaki, in gaishe ta, in tafi wajen guntayena. Ranar da za su koma, ta ce ma Rahila in ya fito a aiko da shi ko da wa aka samu.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Ƙoramar da ke kan hanyar Tama takan cika ta hana mota wucewa, kuma na riƙe wannan hujja da hannu biyu. Mai keke na wucewa, mai jaki na wucewa, amma ni ban iya zuwa hannu wofi ba bayan na ce saura kaɗan. Tsakiyar damina Hajo ta aiko wani ɗan garinmu ya ce mini Inna ta fara lalube, ta daina gane kaji a tsakar gida. A satin ne aka kawo mini guntu na biyu daga Karofane, ya jiƙe ya bushe, amma ana karantawa. Na ce alama ce, na gaba zai zo. Na aika da magani da gaisuwa. Wannan ne abin da ke ci mini rai har gobe, ba satin da ta yi a gidana ba. A gidana ina iya cewa tsoro ne. Saƙon Hajo kuwa ba shi da fassara biyu.

Bayan an yanke gero na haƙura. Ba wani abu ya faru ba, kawai wata rana na buɗe kwalin na ga guntayen sun fara cin kansu, tawadar ta tafi, na san ko an kawo wanda ya ɓata ba zan iya karanta maƙwabtansa ba. Na roƙi likita ya bar ni in yi amfani da sabon injin bugawarsa, na fitar da hoton a farar takarda mai kauri, babba yadda zai yiwu. Na yi tunanin in yanke tokar da almakashi, na fasa. Na sa shi cikin littafi don kada ya lanƙwashe, na hau motar kasuwa.

Na iso Tama da hantsi. Hajo na sussuka, ta ɗago ta dube ni, ta dubi littafin, ta ci gaba da aikinta ko sannu da zuwa babu. Inna na zaune kan tabarma gindin rumbu, fuskarta na fuskantar rana sosai, ba ta ko ƙifta ido. Tun daga nan na sani. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi Rahila da yara. Na rasa yadda zan fara, sai kawai na zaro takardar na sa mata a hannu.

“Mi ne ne?”

“Illa ne, Inna.”

Ta riƙe ta da hannu biyu. Ta kai ta daf da idon dama yadda ta saba, ta matsar hagu, ta matsar dama, ta juya ta wajen rana. Ta daɗe tana haka. Sannan ta sauke ta kan cinya ta shiga shafa ta da tafin hannu, daga sama har ƙasa, da fuskar da tokar duka, don a hannunta ba su da bambanci. Sautin taɓaryar Hajo ya tsaya.

“Takwarata na nan?”

Na yi niyyar in ce tana nan. Ba mai ƙaryata ni, Hajo ma ba ta matso ba. Bakina ya ƙi.

“Ba ta hito ba, Inna. Rabin hoton ya ɓace. Daga hula zuwa hanci kaɗai na samu.”

“Shina dariya?”

“Ban sani ba. Bakin bai hito ba.”

“Idanun hwa?”

“Sun hito.”

“Yaushe?”

“Tun kahin ki zo gidana.”

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na fi jin sauƙi. Ta ci gaba da shafa takardar, yatsanta na yawo yana neman inda idanun suke, yana wuce su. Na kama yatsan na ɗora mata a kai. Rabon da in taɓa hannun Inna tun ina yaro.

“Ni na haihe shi,” ta ce a hankali. “Ba ni buƙatar baki. Da na ga idanun nan, da na san in daɗi shika ji can ko wahala.”

Ta miƙo mini takardar, ta ɗan kauce da inda nake, na tare ta.

“To kai duba mini. Duba da kyau, ka hwaɗa mini.”

Na duba. Ni da na san kowane harafi da ya gina idanun nan, na yi wata da watanni ina kallonsu a gilashi. Na kai takardar rana, na kawo ta inuwa. Inna na jira, ta karkato kunne wajena. Idanu ne na mutum yana kallon mai ɗaukar hoto. Ban iya gane komi a cikinsu ba, kuma har yau da nake rubuta muku wannan ban iya ba.